Kwana Shida Bayan Ɗaukar Kofi

Mai karatu, a ce ka yi shekara da shekaru kana neman abu guda, yau Allah ya damƙa maka shi. Gari ya ɗauka, ana kiran sunanka a kan titi, abokan aiki sun shirya taron bankwana kafin kowa ya tafi hutu. An yini ana shagali, magariba ta kawo kai, za a koma gida. Ga makullin motarka a aljihu, ga kuma doguwar motar haya da direbanta an tanada musamman don kada kowa ya tuƙa kansa. Wacce za ka shiga? Duk mai hankali ta hayar zai shiga, rigakafi ai ya fi magani. Ita Vladimir Konstantinov ya shiga ranar Juma'a 13 ga Yunin 1997, a bayan birnin Detroit da ke jihar Michigan ta Amurka. Tun daga wannan maraice rayuwarsa ta koma hannun masu jinya.

Bari ka san mutumin tukuna. An haife shi a 1967 a Murmansk, wani birnin bakin teku a ƙuryar arewacin Rasha, inda rana ke ɓuya kusan kwana 40 a tsakiyar hunturu. A kan ƙanƙara ya tashi, a kanta kuma ya sami abincinsa. Sana'arsa wasan hoki, wanda ake yi a fili mai daskararren ruwa, 'yan wasa sanye da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, kowa da sanda a hannu, ana rububin wani ɗan baƙin faifan roba. Mai tsaron baya ne, irin wanda in ya bangaji mutum sai 'yan kallo sun runtse ido. Kulob ɗin sojan Tarayyar Sobiyet da ke Mosko, wato CSKA, shi ke riƙe da shi, kuma a takarda Konstantinov soja ne. Soja kuwa ba ya tashi rana tsaka ya ce ya tafi Amurka neman arziki.

Kulob ɗin Red Wings na Detroit ya zaɓe shi tun 1989, amma ta ina za a fitar da shi? In ya gudu, sunansa sojan da ya tsere daga bakin aiki. Waɗanda suka ƙulla abin sun faɗi da bakinsu daga baya yadda aka yi. Kuɗi aka ba wasu likitoci suka rubuta cewa wannan ƙaƙƙarfan saurayi yana ɗauke da ciwon daji da ya fi ƙarfin tiyata, rundunar soja ta sallame shi. Ana cikin shirin tafiya, a Agustan 1991, sai masu ra'ayin riƙau suka yi yunƙurin juyin mulki a Mosko, komai ya dagule. Ta Budapest ya sulale, can jirgin mai kulob ɗin ya ɗauke shi. Da takardar ciwon ƙarya ya bar ƙasarsa, lafiyarsa lau. Shekara shida ce ta rage masa a cikin wannan lafiyar.

A Detroit ya zama ɗaya daga cikin Rashawa biyar da koci Scotty Bowman ke sakewa fili a tare: shi, da Fetisov, da Larionov, da Fedorov, da Kozlov. Birnin ya yi shekara 42 rabonsa da Kofin Stanley, babban kofin wannan wasa. Ranar 7 ga Yunin 1997 ƙishirwar ta ƙare, suka lallasa Philadelphia wasa huɗu a jere. A wannan kakar Konstantinov ne ya zo na biyu a zaɓen gwarzon masu tsaron baya na gasar baki ɗaya. Shekararsa 30, yana kan ganiyarsa. Wa zai kalle shi a ranar ya yi masa zancen inshora?

Kwana shida bayan haka 'yan wasan suka fita wasan golf na bankwana. A hanyar dawowa su uku ne a bayan motar: Konstantinov, da Fetisov, da Sergei Mnatsakanov, mai yi wa 'yan wasan tausa. Abin da ba su sani ba, direban da aka ɗauko don ya tsare lafiyarsu hukuma ta dakatar da lasisinsa. A kan titin Woodward, a wani ɗan gari mai suna Birmingham, barci ya sace shi. Motar ta kauce, ta hau tsibirin tsakiyar titi, ta rungumi itace. Ba ƙanƙara, ba santsi, lokacin zafi ne, titi a bushe. Fetisov ya tsira da raunuka masu sauƙi. Mnatsakanov ya shanye daga ƙugu zuwa ƙasa. Konstantinov kuwa ƙwaƙwalwarsa ce ta bugu, ya yi makonni cikin doguwar suma. Direban wata tara aka yanke masa a gidan yari. Wata tara tana ƙarewa. Abin da ya sami fasinjojinsa fa?

Da ya farfaɗo, sai aka ga girman aikin da ke gaba. Mutum ne da sai an taya shi tafiya, a taya shi cin abinci da goge baki, kuma in ya kwanta sai wani ya kwana ido biyu a kusa da shi, kada ya yunƙura cikin dare ya faɗi. Ba na wata guda ba, ba na shekara guda ba. Yanzu ka tsaya ka yi lissafi, mai karatu. Ma'aikatan jinya suna karɓa-karɓa dare da rana, a ƙasar da jinya ke cinye gida da gona, kuma majinyacin saurayi ne mai ƙarfin zuciya da zai iya ƙara shekara 40 a duniya. Ko nawa ya tara a wasa, wace dukiya ce za ta jure wannan? Da a wata jiha abin ya faru, da iyalinsa sun shiga zaryar kotu, in kuɗi ya ƙare a miƙa shi gidan ajiye gajiyayyu. Ashe inda itacen nan ya tsiro yana cikin rabonsa.

Domin a lokacin Michigan tana da wata doka da babu irinta a duk faɗin Amurka. Tun 1 ga Oktoban 1973 jihar ta ce, in an yi haɗarin mota, a ajiye zancen wa ke da laifi, inshora ta fara ɗaukar jinyar wanda ya ji ciwo. Wasu jihohin ma suna da irin wannan tsari, amma kowacce ta sa iyakar kuɗin da za a kashe. Michigan kaɗai ta ƙi sa iyaka. Duk abin da jinya ta buƙata bisa hankali za a biya, har ranar da mutum ya koma ga Mahaliccinsa: asibiti, gashin ƙashi, keken guragu, gyaran gida don keken ya iya shiga, da albashin mai kula da shi ko da matarsa ce ko mahaifiyarsa. Ga kuma kashi 85 cikin 100 na albashin da ya rasa, har tsawon shekara uku, gwargwadon wani ƙayyadadden adadi. Alkawari ne mai nauyi. To wa zai ɗauki nauyin?

Ƙananan kamfanonin inshora suka ce majinyaci guda irin wannan ya isa ya karya su. Don haka a 1978 aka kafa wani asusu na manyan raunuka, ana kiransa MCCA. Kowace mota mai inshora a jihar tana zuba wani abu a ciki duk shekara. In kuɗin jinyar mutum ya haura wani mizani, wanda ya fara daga dala 250,000 ya kai dala 580,000 a 2019, asusun ne ke mayar wa kamfani sauran. Zubi ne kamar na adashe, sai dai mai adashe yana ɗokin ranar kwasarsa, mai wannan zubin kuwa addu'arsa kullum kada ranar kwasarsa ta zo. Ta Konstantinov ta zo masa yana da shekara 30.

Shekara ta zagayo, Red Wings suka sake ɗaukar kofin a Yunin 1998, wannan karon a Washington. Aka turo shi kan ƙanƙara a keken guragu. Kyaftin Steve Yzerman ya karɓi kofin, ya nufi wurinsa ya ɗora masa a cinya, abokan wasansa suka zagaya fili da shi. Manya-manyan ƙarti suka yi ta share hawaye. Hoton nan ya zaga duniya, kuma da shi mutane da yawa suka rufe labarin a ransu. Washegari da safe kuwa akwai wanda zai tashe shi, ya yi masa wanka, ya ba shi magani. Haka jibi, haka gata, har shekara ashirin da 'yan kai, yana zaune a gida ba a ɗakin asibiti ba, yana zane-zane, yana leƙa filin wasa 'yan kallo su miƙe tsaye suna tafi. Duk wannan daga aljihun wa yake fitowa?

Daga aljihun direbobin Michigan, kuma babu wanda abin ya fi gallaza wa kamar mutanen Detroit. Ka ji abin mamaki. Birnin da duniya ta sani da ƙera mota, mahaifar Ford da Chrysler, mazaunin General Motors, shi ne a lokacin birnin da riƙe mota ya fi tsada ta fuskar inshora a duk Amurka. Wajen 2019, matsakaicin kuɗin inshorar mota guda a Detroit ya haura dala 5,000 a shekara, a garin da kusan kashi ɗaya cikin uku na mazaunansa ke cikin talauci. Akwai wanda kuɗin inshorarsa na shekara ya fi kuɗin motar da ake yi wa inshorar.

Na san abin da za ka ce: ai ƙanƙara ce. Ba ka yi ƙarya ba, tana da hannu a haɗurra. Dusar ƙanƙarar da ke zuba a Detroit a shekara takan haura mita ɗaya, a hunturun 2013 zuwa 2014 ma ta doshi mita biyu da rabi. Akwai siririyar ƙanƙarar da ke shimfiɗa a kan kwalta ido ba ya ganinta, sai ka taka birki ka ji motar ta daina sauraronka. Akwai guguwar da ke tasowa daga manyan tafkunan yankin ta rufe ido farat ɗaya. Ranar 9 ga Janairun 2015, a babbar hanyar da ake kira I-94, kusa da Kalamazoo, motoci 193 ne suka afka wa juna a irin wannan yanayi, har da wata babbar mota maƙare da kayan wasan wuta da ta kama ci tana fashe-fashe. Amma ka duba wannan. Grand Rapids da Marquette suna cikin jihar nan, ƙanƙarar da ke binne su ta fi ta Detroit nesa ba kusa ba, kuma kuɗin da suke biya bai kama ƙafar na Detroit ba. Ashe ba daga sama tsadar take zubowa ba.

Daga ƙasa take tsirowa. Dokar da ta ce a biya ba iyaka ba ta tsayar da farashin aiki ba. Hoton ƙwaƙwalwa ko na gadon baya da gwamnati ke biya da 'yan ɗaruruwa, in an ji haɗarin mota ne sai a rubuta dubbai. Wasu lauyoyi da wasu ƙananan asibitoci suka mai da abin kasuwa, ana farautar waɗanda suka yi haɗari, ana jera musu gwaje-gwajen da ba sa buƙata, ana cika kotu da ƙararraki. Ƙara da satar mota, sannan ƙara da al'adar kamfanoni ta yanka farashi bisa unguwar da mutum yake kwana da tarihin bashinsa. Mutum biyu masu mota iri ɗaya, babu wanda ya taɓa ko gogar wani, amma na cikin birni, wanda galibi baƙar fata ne kuma mai ƙaramin ƙarfi, ya biya ninkin na bayan gari. A cikin wannan taron masu ci, majinyaci na gaskiya irin Konstantinov mutum guda ne kawai a layi.

Kada kuma ka ɗauka wannan maƙudan kuɗi sun haɗa da gyaran motarka. A Michigan, in wani ya sulɓe a kan ƙanƙara ya daki bayanka, inshorar karo da ka saya da kanka ita ke gyara maka, kuma ba dole ba ce, ƙari ce a kan ta dole. In ba ka da ita, abin da za ka iya karɓa daga mai laifin a wancan lokaci bai wuce dala 1,000 ba. Barewa ta faɗo maka a hanya, ko reshe ya karye da nauyin ƙanƙara ya faɗa kan motar, ko ɓarawo ya yi gaba da ita, wannan kuma wata inshorar ce daban da kuɗinta daban. Talaka sai ya yanke waɗannan biyun ya bar ta dole kaɗai, ya shiga hunturu da addu'a. In ta dolen ma ta gagara fa?

A ce kai ne, mai karatu. Aikinka yana bayan gari, motar bas ba ta kaiwa can, sanyi na yanka kunne, albashin da ƙyar yake biyan haya. Me za ka yi? Ga abin da mutanen Detroit suka yi. Wasu suka riƙa sayen inshorar kwana bakwai, su kai takardar ofishin rajista a sabunta musu lambar mota, mako na cika shi ke nan. Wasu suka ari adireshin 'yan'uwa a bayan gari, har abin ya taɓa ƙuri'ar birnin, domin adireshin lasisi shi ne na rajistar zaɓe. Da yawa suka tuƙa haka nan, alhali laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari, kuma mai motar da ba ta da inshora in ya ji ciwo a cikinta dokar ba ta san da zamansa ba. A 2015 wata jaridar birnin ta ba da labarin wani ma'aikacin masana'anta da ke taka kimanin kilomita 34 a ƙasa kullum, zuwa da dawowa, ko ana ƙanƙara, tun da tsohuwar motarsa ta mutu shekara goma baya. A 2018 magajin garin, Mike Duggan, ya maka jihar a kotun tarayya a kan dokar. Kukan nan na gaskiya ne, kuma duk wanda ya ce ba a kyauta ba da aka saurare shi bai taɓa jiran bas cikin ƙanƙara ba.

Aka saurara. A Mayun 2019 majalisar jihar, wadda 'yan Republican ke da rinjaye a ciki, ta amince da gyara da gagarumin rinjaye, Gwamna Gretchen Whitmer 'yar Democrat ta sa hannu ranar 30 ga watan. A tsibirin Mackinac aka yi bikin, tsibirin da ya hana motoci yawo a cikinsa tun ƙarshen ƙarni na 19, doki da keke ake hawa. Aka haramta wa kamfanoni duba jinsi, ko aure, ko sana'a, ko zurfin karatu, ko mallakar gida wajen yanka farashi. Kuɗin da za ka iya karɓa daga wanda ya lotsa maka mota aka ɗaga shi zuwa dala 3,000. Babban abin kuma, daga Yulin 2020 aka miƙa wa kowane direba takarda aka ce ya zaɓi iyakar jinyarsa da hannunsa.

Ga takardar nan a gabanka. Kana iya zama a kan marar iyaka, a rage maka kashi 10 cikin 100. Kana iya tsayawa a dala 500,000, ragin ya kai kashi 20. A dala 250,000 ragin kashi 35 ne. In kana cikin Medicaid, shirin lafiya na marasa galihu, an yarda ka sauka har dala 50,000 da ragin kashi 45. Tsohon da ke cikin Medicare, shirin lafiya na tsofaffi, shi ma yana iya yafe wannan ɓangare ɗungurum. Ka lura, ragin a kan kuɗin ɓangaren jinya ne kawai, kuma matsakaici ne na jiha, ba a kan dukan abin da kake biya ba. To wanne za ka sa wa hannu? Dala 250,000 kuɗi ne masu yawa in ƙafa ce ta karye. In kai ne ya bugu, asibiti kaɗai na iya lashe su kafin a sallame ka. Dala 50,000 kuwa 'yan kwanaki ne a ɗakin kulawa ta musamman. Wanda aka buɗe wa ƙofar mafi araha shi ne wanda ba shi da komai a bayansa in ta ƙare. Gaba kura, baya siyaki.

Amma wannan aƙalla zaɓi ne, mai lafiya ke yinsa da idonsa biyu. A can cikin dokar akwai wani sashe da bai nemi shawarar kowa ba. Daga Yulin 2021, duk aikin jinyar da Medicare ke da farashinsa, za a biya kimanin ninki biyu na wannan farashi. Wanda ba shi da farashi a can, kuma a nan ne kula da majinyaci a gida ya faɗa, za a biya kashi 55 cikin 100 na abin da mai aikin ke caja a ranar 1 ga Janairun 2019. Kamfanin da ya yi ta tsawwala farashi, an rage masa ya saura da abin taɓawa. Wanda ya yi adalci ya tsaya a kan ƙaramar riba, shi aka yanke wa wuya. 'Yan'uwa masu jinyar nasu kuma aka ce awa 56 za a biya su a mako. Mako awa 168 ne. Sauran 112 ɗin majinyacin ya daina buƙatar juyi da shayarwa ne?

Kamfanonin inshora suka ce wannan sabon farashi ya hau kan kowa, har waɗanda suka ji rauni tun kafin a yi mafarkin dokar, mutane wajen 18,000 da asusun ke ɗauke da su. Kamfanonin jinya suka fara rufe ƙofa, wasu suka sallami majinyata, ma'aikata suka koma inda albashi ya fi. Mutanen da suka yi shekaru a ɗakinsu aka riƙa kai su asibiti a ajiye, don babu mai zuwa gida. Ana cikin haka asusun ya sanar cewa yanzu yana da rarar kuɗi, tun da an rage abin da zai kashe nan gaba. A farkon 2022 aka raba wa direbobi dala 400 a kan kowace mota, jimilla wajen dala biliyan uku. Ga cak ɗin a hannunka, mai karatu, ga hayar gida na jira, ga kuma labarin inda wani ɓangare na rarar ya fito. Za ka karɓa ko za ka mayar? Ban ga laifin wanda ya karɓa ba, ba shi ya rubuta dokar ba.

Guguwar ta iso ƙofar Konstantinov. Kamfanin da ke tura masa masu jinya ya fito fili ya ce asara yake tafkawa a kansa, kuma ba zai iya ci gaba a haka ba. Makusantansa suka ce in aka kai shi gidan gajiyayyu, inda ma'aikaci guda ke duba mutane da yawa, mutumin da ba ya zama wuri guda irinsa sai dai a ɗaure shi ko a danne shi da magani. A 2022, shekara 25 bayan haɗarin, aka kai shi Lansing, babban birnin jihar, ya shiga zauren majalisa tare da sauran majinyata da iyalansu. Mutumin da magana ke yi wa wuya ya zama bakin dubban da ba a san sunansu ba. Shi yana da hoto da kofi a cinya, 'yan jarida na bin sa. Yarinyar da mota ta shanye tana shekara bakwai, mahaifiyarta ta bar aiki ta zauna da ita, wa zai bi ta da kyamara?

A nan ni dai ba na tsaka-tsaki. Majalisa ta yi daidai da ta ji kukan direban Detroit, ta kuma yi daidai da ta taka wa masu tsawwala farashi birki. Amma mutumin da aka karɓi kuɗin inshorarsa a kan alkawarin jinya har mutuwa, ya riga ya biya, ya riga ya karye, ba shi da halin komawa baya ya nemi wata mafita. Sauya masa ciniki bayan ya kwanta zalunci ne, ko da kuwa da niyyar taimakon wani talakan aka yi shi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, sun sani. An yi ta gaya musu tun kafin ranar ta zo.

Kotu ce ta raba gardamar. Masu kula da wasu majinyata biyu suka shigar da ƙara, wata mata da wani direba a buge ya raunata a 2014, da wani mutum da ya ji nasa raunin tun 1990. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a Agustan 2022. Ranar 31 ga Yulin 2023 Kotun Ƙolin Michigan ta tabbatar, alƙalai biyar suka rinjayi biyu: haƙƙin majinyaci ya tabbata tun ranar da ya ji rauni, bisa yarjejeniya da dokar wannan lokaci, kuma majalisa ba ta fito fili ta ce sabuwar dokar ta koma baya ba. Konstantinov da ire-irensa suka tsira da jinyarsu. Rarar da aka raba kuwa ta juye ta zama giɓi, zubin shekara ya sake hawa, har waɗanda ba su zaɓi marar iyaka ba sai da aka ɗora musu wani abu don cike ramin. Kuɗin inshora a Detroit ya ɗan sauko bayan gyaran, amma birnin bai fita daga sahun mafi tsada a ƙasar ba.

Hukuncin kuma bai rufe kowa ba. Duk wanda ya ji rauni bayan sabuwar dokar ta fara aiki, ragin farashin nan da awa 56 ɗin nan suna kansa. Majalisar dattawan jihar ta amince da ƙara farashin jinyar gida a Oktoban 2023, majalisar wakilai ba ta kaɗa ƙuri'a a kai ba har zangonta ya ƙare a ƙarshen 2024. To a ce ka daure, mai karatu, ka zaɓi marar iyaka, ka biya mafi tsada, wani dare a Janairu tayarka ta taka ƙanƙarar da ba a gani. Takardarka ta ce za a yi jinyarka har ƙarshen rai. A wannan farashin, wane kamfani ne zai turo maka mai jinyar da zai kwana ido biyu a gefen gadonka?